Sai da na gama bugunsa na ji dalili

Mai Gareji: Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Kwana huɗu ke nan wata magana tana cina, na kasa faɗa wa ko abokan zamana na gareji, shi ya sa na kawo ta nan.

Babban ɗana shekararsa 14, yana aji na biyu a CEG, wato ƙaramar sakandare. Ran Litinin sirbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ya aiko a kira ni. Na bar babur ɗin mutane a kwance na tafi, ina tsammanin maganar wasu kuɗi ce. Sai ya buɗe littafin kiran suna ya nuna mini: sati uku cur yaron bai taka aji ba. Alhali kullum da safe yana wanka, ya ɗauki jakarsa, uwarsa ta ba shi dala ashirin, sefa ɗari ke nan, na abin kari, ya fita, kuma ba ya dawowa sai an tashi. Wallahi a gaban mutumin nan ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na iso gida na iske shi zaune yana shan fura. Na ce "ina kake zuwa?" amma gaskiya ban jira amsa ba. Igiyar birki ce a hannuna. Na yi mishi bugun da ban taɓa yi wa wani ɗa nawa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai yi kuka ba, bai gudu ba, bai ce uffan ba. Ya dai dube ni.

Washegari tsohuwata ta aiko daga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a kai mata shi. Kun san tsakanin kaka da jika, "maigidana" take ce mishi. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta ji abin da ni ban ji ba cikin sati uku. Ashe wasu samari uku ne ke tare shi wajen wani kango a hanyar lakwal, wato makaranta. Da fari kuɗin karin suke karɓewa, daga baya suka ce kowace Alhamis ya kawo dala ɗari, suka nuna mishi wuƙa. Ran da bai kawo ba suka cire mishi takalmi, ya zo gida ya ce a masallaci aka sace, har na yi mishi faɗa a kai. Ya sake hanya, ita kuma ta yi nisa, kafin ya isa an rufe ƙofa, a sa shi durƙuso cikin rana. Daga nan ya daina zuwa. Yana tafiya wata fada bayan tasha, wato majalisar samari ta shan shayi, yana wanke musu kofunan shayi, suna aikensa sayen gawayi da sukari, su kuma sun ce mishi muddin yana wurinsu ba mai taɓa shi.

Da tsohuwa ta ce me ya hana ka gaya wa ubanka, sai ya ce: "Baba ba a gaya mishi magana, shi ke gaya wa mutane."

To jama'a, na yi laifi ko ban yi ba? In na yi, uba yana ba ɗansa haƙuri?

Alhaji na Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka yi laifin komai ba. Ko me ya kore shi daga lakwal, yaron nan sati uku yana kallon idon uwarsa yana karɓar kuɗi a kan ƙarya. Wannan kaɗai ya isa bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka tashi cikin Birni, in ka yi ba daidai ba a ƙofar gidan wani, shi zai fara zane ka, ya kamo kunnenka ya kawo ka gida, ubanka ya yi mishi godiya ya ɗora daga inda ya tsaya. Ga mu nan ba mu lalace ba. Batun ba da haƙuri kuwa, kada ka soma. Ran Alhamis ka shiga kasuwa ka sayo takalmi mai kyau ka ajiye mishi. Zai gane.

Sani Kabu-kabu: Alhaji ya gama magana.

Maman Nafisa: Bai gama ba, Sani. Alhaji ka gafarce ni, kai uba ne gare mu, amma takalmi ba ya magana.

Ku maza ba ku san gidajenku ba in kun fita. Yara na ta wasa, ana dariya, da an ji ƙarar babur ɗin maigida a ƙofa sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa, kowa ya nemi lungu. Ku kuma ku shigo ku iske shiru, ku ce gidana akwai tarbiyya. Duk abin da yaro ke so sai ya biyo ta wurinmu: Inna ki ce wa Baba kayena ya cika, Inna ki ce wa Baba mushe ya ce a kawo dala hamsin. Mu ma sai mun duba fuskarku tukuna, in mun ga hadari mu haɗiye. To maganar wuƙa fa? Yaron ya san in ya gaya wa uwarsa dole ta kai gaba, in ta kai gaba kuma tambayar farko ita ce "kai me ka yi musu?"

Mai Gareji: Hajiya, wallahi abin da zan tambaye shi ke nan. Ko kuma in ce mishi rago.

Ɗan Kasuwar Dole: Ni tambayata ɗaya ce. Wa ya ga samarin nan uku da idonsa? Na riƙe yaran shago da dama, na san yadda yaro ke ƙera labari in ya ga bulala ta matso. Kaka kuma komai jika ya faɗa mata gaskiya ne. Saurare daban, gaskatawa daban.

Mai Gareji: Na je. Jiya da sassafe na ajiye babur nesa na tsaya. Suna nan su uku, a kan idona suka tare wani yaro da bai kai nawa ba. Jikina har rawa yake, ga sifana a aljihu. Allah ne ya riƙe ni.

Ɗan Kasuwar Dole: To na janye rabi. Ƙaryar takalmi da ta sati uku suna nan daram.

Mushe na Garin Malam: Kafin a ci gaba, bari in ɗauki kason mu malaman lakwal. Yaro ya ɓace sati uku sannan a kira ubansa? Kamata ya yi tun kwana na uku a aika. Kuma wanda ya sa shi durƙuso kullum bai taɓa cewa "kai da ba ka makara, me ya faru?" ba. Ajin ya cika maƙil, gaskiya ne, amma wannan ba hanzari ba ne.

Na daɗe ina kiran iyaye. Iri biyu na fi gani. Akwai wanda tun ban rufe baki ba ya kwaɗa wa yaron mari a gaban ƴan ajinsu, don in ga shi ba ya wasa. Akwai wanda ni zai hau da faɗa, ɗansa ba ya laifi. Dukansu biyu ba wanda ya juya ya tambayi yaron. Kuma na lura ɗan wanda ake mara a gaban mutane shi ya fi kowa iya ɓoye abu: shi ke kwaikwayon sa hannun ubansa a takardar sakamako, shi ke hayar wani dattijo a tasha ya zo a matsayin kawunsa. Bugun ya koya mishi wani abu, ba shakka. Ya koya mishi kada a kama shi.

Waɗanda suka yi lakwal zamanin sambol za su tuna: ka yi Hausa a rataya maka, kai kuma ka yini kana laɓe kana neman wanda zai yi kuskure ka miƙa mishi. Faransancin bai zauna ba, amma mun ƙware wajen tsegumi.

Sani Kabu-kabu: Mushe ka tuna mini, ni har gida na taɓa kwana da shi.

Alhaji na Birni: Mushe, to Manzon Allah (SAW) da ya ce a buge su a kan salla in sun kai shekara goma, bai san tarbiyya ba ne?

Malam Liman: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hadisin yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito shi, ba mai musun sa. Amma mu karanto shi daga farkonsa. An ce a umurce su da salla suna shekara bakwai, bugu sai a goma. Tsakani shekara uku ce. Salla biyar a yini, shekara uku, lissafa ka gani: sama da sau dubu biyar uba yana cewa "tashi ka yi salla" da bakinsa kafin hannunsa ya motsa. Mu kuma mun riƙe ƙarshen hadisin mun yar da farkonsa. Sannan malamai sun sa wa bugun iyaka: ba a fuska ba, ba wanda zai fasa jiki ko ya bar tabo ba, kuma ba cikin fushi ba. Ɗan'uwa Mai Gareji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, igiyar birki ta fita daga wannan iyaka.

Amma abin da ya fi kama da maganarka yana cikin Suratun Namli. Annabi Sulaimana ya duba rundunarsa bai ga alhudahuda ba. Ka ga fashi ke nan, irin na ɗanka. Ya yi fushi, ya ce zai yi mishi azaba mai tsanani ko ya yanka shi, sai dai in ya zo da hujja bayyananna. Da tsuntsun ya dawo ya bar shi ya yi magana har ya gama. Da ya gama kuma bai ce na yarda ba, cewa ya yi za mu duba, gaskiya ka faɗa ko kana cikin maƙaryata. Ɗan Kasuwar Dole, ga maganarka nan a ciki. Sarkin da aka hore wa iska da aljannu ya tsaya ya ji uzurin tsuntsu, ya bincika, sannan hukunci.

Annabi Ibrahima kuma, umurnin Allah ne a hannunsa, amma ya ce wa ɗansa "ya ƙaramin ɗana, duba me ka gani." Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce mishi ba. Ban ce kada a hukunta yaro ba. Jerin ne muka juya.

Maman Nafisa: Allah ya saka da alheri, Allah gafarta Malam.

Alhaji na Birni: Na ji, Malam, ba na ja da aya. Amma ku bari in faɗi abin da ku yara ba ku gane ba, don kuna ɗauka iyayenmu kurame ne.

Mahaifina bai taɓa zaunar da ni ya ce "me ke ranka" ba, ko sau ɗaya har ya koma ga Allah. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa. Amma ba abin da ke raina da bai sani ba. Ta yaya? Gidanmu akwai kaka, akwai gwaggo da aurenta ya mutu ta dawo, akwai ƙanen baba da muke kwana zaure ɗaya, akwai aminin baba da nake iya zuwa rumfarsa in zauna. Su ne kunnuwa. In na faɗa wa gwaggo da hantsi, kafin isha'i ta isa inda za ta isa, an gyara ta, an cire mata ƙaya. Shi uba aka bar shi da kwarjininsa, domin gida yana son mutum ɗaya da in ya ce a'a ta zauna. Ganuwar da Sarki Tanimun ya gina wa Birni ma ai da ƙofofi aka yi ta. Uba ganuwa ne, su ne ƙofofin.

Yanzu kowa ya ɗauki matarsa ya tafi haya bayan gari, daga shi sai ita sai yara. Kun bar ƙofofin a Birni, kun tafi da ganuwa. Dubi maganar nan da kyau: wa ya ji bakin yaron? Kakarsa. Da gida ɗaya suke, ran da aka cire takalmin za ta sani. To ni ban yarda uba ya zama abokin wasan ɗansa ba. Ina da ƴaƴa 17, in na ce kowanne sai na zauna na ji damuwarsa, yaushe zan nemo hatsin da za su ci?

Mushe na Garin Malam: Alhaji, wannan magana ta fi ta farko nauyi, na kuma karɓe ta. Sai dai gidan gandu ba zai dawo ba don mun yi kewarsa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kakannin ba za su ishe su ba ko da an raba. In ba kaka a gida, dole wani ya zama kunnen.

Uwar Biyu: Ku kuna maganar uban da ke gida. Namu tun da zinariyar Jado ta fito a 2014 ya tafi, daga can ya wuce Libiya, sai ya yi shekara biyu bai zo ba. Yana aiko da kuɗi, ban raina ba. Amma duk ran da ya ce a ba babban ɗanmu waya, to faɗa ne: an ce mini kaza, in na zo sai na karya ka. Laifina ne ma wani lokaci, ni ke kai ƙara in yaron ya fi ƙarfina. Yanzu in ya ga lambar uban sai ya sulale ya bar gidan. Na ce wa uban, ko sau ɗaya ka kira shi ba don laifi ba, ka tambaye shi ƙwallo ko makaranta. Ya ce katin waya tsada gare shi, ba na hira ba ne.

Sani Kabu-kabu: Ni dai na san ƴan Kara-Kara ne suka tare yaron nan. A kai su komisariya kawai a huta.

Tsohon Ɗan Pale: Sani, a ina Mai Gareji ya ambaci unguwa? Ni a Kara-Kara aka haife ni. Don tun farko kutare aka ware wa wurin, shi ke nan duk abin da ya lalace a Damagaram namu ne? Pale, wato gungun samari ƴan daba, ba unguwar da babu shi, na zauna da ƴaƴan masu gidan sama a ciki.

Tun ɗazu nake karantawa ban so in sa baki ba, amma akwai abin da duk kuka tsallake. Kuna ta maganar samari ukun da suka tare shi. Waɗannan ƙananan ƙwari ne. Ni waɗanda suka ba shi mafaka nake jin tsoro.

Ba kowace fada ce pale ba, wasu shayi ne kawai da karta da gardamar ƙwallo. Amma fadar da ke ce wa yaro "muddin kana wurinmu ba mai taɓa ka", na san wannan magana, da ita aka ɗauke ni ina shekara 15. Haka na fara, wankin kofi da hura gawayi. Ba wanda ya ba ni ƙwaya ranar farko. Abin da shugabanmu ya yi mini shi ne ya dube ni ya ce "ƙane, yau fuskarka ba daidai ba, me ya faru?" Wallahi shi ne namiji babba na farko da ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ba shi labari, ya saurara har na gama, ya ce wanda ya taɓa ka ya taɓa mu. Daga ranar da ya ce in faɗa wuta zan faɗa. Sai ɗaga ƙarfe, sai rakiya in za a je faɗa da wata unguwa, sai tramol don kada ka ji tsoro. Kariyar nan bashi ce, kuma ba da kuɗi ake biyanta ba.

Alhaji, da girmanka: mahaifina ya buge ni har ya gaji. Ya ɗaure ni a turke, ya kai ni gidan mari. Yaron da ya saba da bugu ba ya tsoronsa, a pale ma tabo abin taƙama ne, muna tuɓe riga muna gwadawa. Mai Gareji ya ce yaron bai yi kuka ba. Wannan ita ce kalmar da ta sa na yi rubutu. Ni ma akwai ranar da na daina kuka, na tuna ta sarai.

Alhaji na Birni: To kai me ya fito da kai, in ba tsoron Allah da na iyaye ba?

Tsohon Ɗan Pale: Kaso ya fara, Alhaji, sannan wani tela maƙwabcinmu da ya riƙa zuwa duba ni alhali ba abin da ya haɗa mu. Yanzu ina sayar da ruwa-ruwa, wato fetur, a bakin titi, ina da ƴa ɗaya. Da mahaifina muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Sani Kabu-kabu: Ka yi haƙuri ɗan'uwa, baki ne ya zarce.

Ɗaliba: Iyayena ku ba ni dama in ce wani abu, ko da ni ƙarama ce a nan. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, kuma da Babanmu bai iya saurare ba da ban zo nan ba. Da na ci BEPC, jarrabawar gama CEG, an zo neman aurena, ƴan'uwansa duk sun amince. Ya kira ni bayan isha'i ya ce ke me kike so. Na kasa magana don kunya, ya ce to je ki, gobe zan sake tambaya. Sai a dare na uku na iya cewa karatu.

Kada ku ɗauka mai sanyi ne. Tela ne a Zango, kuma duk unguwa an san gidanmu da tsanani. Sai dai shi in ka yi laifi ba ya taɓa ka a ranar. Zai ce "faɗi naka", ka faɗa, ya ce "na ji, sai da safe". Daren nan ya fi bulala ciwo. Da safe ya yanke, kuma ba ya sauka daga kan abin da ya yanke ko Inna ta roƙa. Yayana ya taɓa ɗaukar dala arba'in a aljihunsa, hukuncinsa cika randa biyu kullum har sati. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da cika randa ke nufi a watan Afrilu, in famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, kana bin layi da bido tun asuba. Amma wanda ya kawo kansa ya faɗi laifinsa kafin a gano, ana rage mishi rabi. Saboda haka mu rige-rigen faɗa muke yi.

Ɗan Kasuwar Dole: Wannan rage rabin dabara ce ta ɗan kasuwa. Zan gwada a shago.

Maman Nafisa: Alhaji ka ji, ga kwarjini ga kunne a mutum ɗaya.

Alhaji na Birni: Na ji, ƴata. Tela yana zaune wuri ɗaya, yara na gabansa. A gwada da direban da ke kwana a hanyar Agadas.

Mai Gareji: Na gode muku duka. Amma har yanzu ba a amsa mini ta biyun ba. Shi ma ɗan fari ne, sunan mahaifina gare shi, Abba ake ce mishi, ni ko Abban ban cika faɗa ba, "kai" nake cewa. Ta ina zan fara? Kuma samarin can, in kai ƙara ko in bari?

Tsohon Ɗan Pale: Kada ka je da sifana, kada kuma ka fara da komisariya. In an kama su kwana nawa za su yi? Su fito, ɗanka ne zai biya. Ka samu mai unguwar wurin, ka haɗa da iyayen sauran yaran da ake tarewa, ai ba naka kaɗai ba ne. Mai unguwa ya san gidan kowannensu, ya san kuma wanda suke jin maganarsa. In abin ya gagara, sannan hukuma, kuma a je da yawa, kada sunan yaro ɗaya ya fito.

Mushe na Garin Malam: Ka koma wurin sirbeyan ka gaya mishi dalili, ka nemi a haɗa ka da direkta. Su ma su san abin da ake yi wa ɗalibansu a hanya. Ka roƙi wani ɗan ajinsu ya ara mishi kaye ya kwafe abin da ya wuce shi tun jarrabawa ba ta matso ba.

Malam Liman: Batun haƙuri, ɗan'uwa, abin da ya wuce iyaka hakki ne, ko a kan ɗanka ne, kuma gara a warware shi a nan. Ba sai ka tara mutane ba, ba sai ka durƙusa ba. Ka ware biyun: ƙaryarsa laifi ce, za ka hukunta ta, bugun da ka yi kafin ka ji, naka ne.

Alhaji na Birni: Ni dai na ce takalmi. Amma in za ka yi maganar, kada ka yi a gaban ƙannensa.

Mai Gareji: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya Asabar na ce ya biyo ni gareji. Na rasa ta inda zan ɓullo, sai na kwance kabireta na ba shi ya wanke da fetur, ni ina ɗaure sarka. Ashe magana ta fi sauƙin fita in hannu na aiki, ba mai kallon idon wani. Mun fi rabin awa ba wanda ya tanka. Kalmar "yi haƙuri" dai ta ƙi fitowa, Malam, na gwada. Abin da na iya cewa shi ne, "ran nan da na tambaye ka tukuna." Ya ce "ba komai Baba." Sai hawaye, waɗanda bai yi ba ran Litinin. Na yi kamar ban gani ba, na ce miƙo mini sifana sha huɗu.

Na gaya mishi hukuncin ƙarya: daga tashi lakwal sai gareji, ya zauna ya kwafe darasin sati uku, ba ƙwallo sai ya gama. Bai musa ba. Takalmin ma na saya, Alhaji. Mai unguwa mun yi da shi gobe bayan azahar, mu iyaye huɗu.

Sai dai da za mu rufe ya ce akwai wata magana, in ba zan yi fushi ba. Na ce faɗi. Ya ciro wata ƙaramar salula daga cikin wando, ya ce babban fadar ne ya ba shi, wai don in suna nemansa. Kwana goma tana gidana ban sani ba.

Maman Nafisa: Inna lillahi. Amma ka ga da kansa ya fito da ita.

Tsohon Ɗan Pale: Yau za ka maida ta, kada ta sake kwana. Kai da kanka, ba shi ba, kuma kada ka tafi da shi. Ka yi sallama, ka zauna in sun ba ka wuri, ka sha shayin in sun miƙo. Ka ce kai ne uban wane, ka gode da suka riƙe maka shi lokacin da ba ka sani ba, yanzu ya koma lakwal. Ka ba babbansu salular hannu da hannu a gaban sauran. Kada ka zage su, kada ka yi musu wa'azi. Ka tambaya ko yaron ya ci bashin wani abu, in akwai ka biya nan take, ko dala biyar ce.

Mai Gareji: Wane lokaci zan same su duka?

Tsohon Ɗan Pale: Bayan la'asar, in sun ɗora shayi na biyu. Ka tsaya wurin mai tebur ka riƙa musu sukari na dala hamsin.